Taswirata a Hannun Dakta

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in hutar da ku: da gangan na yi. Ba zuciya ce ta ɗebe ni ba, ba kuma wani ne ya zuga ni ba. Kwana goma sha biyu na yi ina shirya wa Dakta abin da na shirya masa, ina cin abincina, ina barcina, ina amsa saƙonsa da “to, ranka ya daɗe”. In za ku kira ni muguwa ku kira, amma ku ji yadda aka yi tukuna.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har masu gadin jami'a. Digiri na uku nake yi a sashen tsara birane. Shekara uku ke nan ina bin abu ɗaya: gadojin saman nan da ake gina wa masu tafiya a ƙasa, da ƙwacen waya da jaka da ake yi a kansu. Umma in ƙawayenta suka tambaye ta me nake karantawa, cewa take, “Oho mata, gada take ƙirgawa.”

Gada goma sha ɗaya na bi, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a rana har na yi baƙi, na kashe takalmi uku, na yi hira da mutane sama da ɗari biyu. Abin da na gano ba shi da wuyar ganewa. Duk gadar da masu ƙananan sana'a ke zaune a gindinta, masu faci, masu gyaran takalmi, masu sayar da ruwa, ƙwace ba ya yawa a kanta, saboda akwai idanu. Inda aka kore su kuwa, mace ba ta isa ta hau da waya a hannu ba ko da rana tsaka. Kuma korar ba haka nan take faɗowa ba. Bayan zaɓe take zuwa, a unguwannin da ba su zaɓi wanda ya ci ba. Duk wannan na zuba shi a taswira guda: jan ɗigo inda mai sana'a ke zaune, baƙin ɗigo inda aka yi ƙwace, kowane ɗigo da lambarsa.

Dakta malami ne a sashenmu. Dogo, mai sanyin murya, irin mazan da turarensu ke riga su shiga ofis. Wata takwas da suka wuce ya ce yana sona, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Shi ne namiji na farko da na yi wa maganar magudanar ruwa bai duba agogo ba. A gida kuwa kamar su goya shi. Umma ta ware masa kofuna masu bakin zinariya, waɗanda ko Abba ba ya sha da su. Gwaggo, yayar Abba da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, kullum sai ta tuna min: “Shekara talatin ba ɗaya, Auta. Allah ya kawo miki mai irin ciwonki, ki riƙe da kyau.”

Ranar da ya ce in ba shi babi na huɗu ya duba min, da hannuna na miƙa masa filas ɗin kwamfutar da aikin ke ciki. Har godiya na yi masa. Wannan godiyar in na tuna ta, ji nake kamar in mari kaina.

Wata biyu bayan nan, wata Laraba da safe ina goge mayafi, Baba mai faci ya kira ni. Dattijo ne da ya shekara ashirin da huɗu a gindin gadar bakin tasha. Shi ya fara yarda ya yi magana da ni, shi kuma ya jawo min sauran.

“'Yar boko, zo ki ga aikinki,” ya ce, ya kashe wayar.

Na isa na tarar an shafa wa rumfarsa jan fenti, da ta mai takalmi, da duk layin. A jikin ƙafar gadar an manna takarda. Tun daga nesa na gane ta, yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Taswirata ce. Amma an goge baƙaƙen ɗigon gaba ɗaya, an bar jajayen, a ƙasa an rubuta: “Wuraren da ɓata-gari ke fakewa.” Can ƙasa kuma aka ce an ciro ta ne daga rahoton da Dakta ya rubuta wa kwamitin tsaro na majalisar birni, kuma za a gabatar da rahoton ga jama'a nan da kwana goma sha biyu, a ɗakin taron jami'a.

Baba bai ɗaga murya ba. Yana goge hannu da tsumma ya ce, “A kan tayar nan kika zauna kika ce min maganarmu za ta taimake mu. Na tara miki mutane. Yanzu in ce musu me?”

A nan saƙo ya shigo wayata.

“Gimbiya, an tashi lafiya? Kin karya kuwa, ko sai na zo da kaina?”

Na tsaya ina kallon saƙon. Wani zafi ya taso min, sai kuma ya koma ya kwanta, ya yi sanyi ƙalau. Wallahi sanyin nan ya fi zafin ba ni tsoro. Na rubuta masa: “Na karya, ranka ya daɗe. Kai fa?”

Na jefa wayar a jaka na ce wa Baba, “Ka ba ni kwana goma sha biyu.”

A gida na gwada faɗa musu. Umma na falo tana ninke kayan wanki, Gwaggo na kan doguwar kujera tana yanke farce, Abba na gefe yana gyara rediyonsa da ta daina kama tasha. Na zayyana komai, ban rage ba.

Umma ta ajiye zanin gadon da ke hannunta. “Yanzu a kan takarda kike wannan huci? Ni na zaci kama shi kika yi da wata.”

“Umma, shekara uku ce ta rayuwata. Kuma mutane za a kora daga wurin neman abincinsu.”

“To ke kika haife su? In kun yi aure ai naki nasa ne, nasa naki ne. Ƙarshen watan nan manyansa za su zo ganin Abbanku. Kada ki kuskura ki kunyata ni.”

Gwaggo ta hure yatsanta. “Mu a zamaninmu, in namiji ya ɗauki abinki ya yi amfani da shi, ai daraja ya yi miki. Boko dai ya cika wa yaran nan kai da iska.”

Na kalli Abba. Ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

“Shi ke nan, Umma,” na ce. “Na ji.”

Ta yi murmushi, ta ɗauka na sauko.

Washegari na je wurin Farfesa, mai duba aikina. Mace ce 'yar ƙarama a jiki, tabarau a kan hanci, ba ta dariya sai da dalili. Na nuna mata hoton takardar da aka manna. Ta buɗe durowa ta fito da taswirata ta asali, wadda na ba ta tun bara, da sa hannunta da kwanan wata a kusurwa. Ta jera su a tebur, ta daɗe tana kallo.

“Zauna ki rubuta ƙorafi yanzu. Yau zan kai wa shugaban jami'a, in kuma kira majalisar birni.”

“A'a, Farfesa. Ranar taron nake so.”

Ta cire tabarau. “Saboda me?”

“In aka yi a ofis, rufe ƙofa za a yi, a ba shi haƙuri, a ba ni haƙuri. A gaban jama'a ya manna sunansa a kan aikina, a gaban jama'a nake so ya cire.”

“Wannan ba bincike ba ne, Auta. Ramuwa ce.”

“Na sani.”

Ta mayar da tabarau. “Aikinki ne, ba zan kai ƙara ba da yawunki ba. Ni zan jagoranci zaman. In kin ɗaga hannu zan ba ki dama. Iyakar abin da zan yi miki ke nan.”

A kwanakin nan na zama budurwar da Dakta bai taɓa samu ba. In ya turo saƙo ba ya minti ɗaya na amsa. Ya ce, “Kin canza min kwana biyu, Gimbiya, me ake ba ki a gida?” Na ce, “Tunaninka kawai.” Na tura, na je na wanke bakina da ruwa, sai ka ce faɗa na yi ba rubutawa ba. Sau uku ya zo gidanmu, ni ke zuba masa lemo a kofin Umma, in tambaye shi ko ya yi sanyi yadda yake so. Gwaggo na leƙe daga labule tana gyaɗa kai.

Ana saura kwana biyu, ya rage min hanya a motarsa. Muna tsaye a danja ya yi gyaran murya.

“Gimbiya, akwai ɗan abin da na ara a aikinki. Kada ki gani ki tsorata. Ciyaman ɗin kwamitin ya yi min alkawarin kujerar mai ba shi shawara, kin ga mu biyu za mu amfana. Ke kuma sai in taya ki sauya babin, ba wanda zai sani.”

Ara. Ku ji fa, wai ara.

“Haba, ranka ya daɗe,” na ce ina wasa da bakin mayafina, “ai nawa naka ne.”

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce shi ya sa yake sona, ina da hankali. Har ya roƙe ni in sa shuɗiyar rigar da ya saya min ranar taron. Na ce an gama.

Na sa ta kuwa. Doguwar riga shuɗiya mai duwatsu a wuya da bakin hannu, mayafi ruwan toka, takalmi mara tsini don ina so ƙafata ta tsaya daram. Na zizara kwalli, na shafa jan baki kaɗan. Umma ta raka ni har ƙofa tana cewa, “Ko ke fa! Yau kika fito mace.”

A hanya na biya ta tasha. Baba ya sa wankakkiyar rigarsa, amma baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita.

“In je in ce musu me?” ya tambaye ni.

“Gaskiya kawai, Baba. In ka ji na kira lamba goma sha huɗu, kai ne.”

Ɗakin taro ya cika. Malamai a gaba, ɗalibai a baya, Ciyaman a tsakiya da mutanensa, 'yan jarida biyu a gefe da kyamara. Dakta ya hau mumbari cikin kwat ruwan ƙasa. Iya magana kam ya iya. Minti arba'in yana zuba. Ya ce ya tsaya a rana. Ya ce ya yi hira da mutum ɗari biyu. Da majigi ya haska taswirata a bango, ƙatuwa, aka ɗau tafi. Ya kalle ni ya kashe min ido ɗaya. Na tafa masa har tafina ya yi zafi.

Farfesa ta ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Na ɗaga. Dakta ya yi murmushi, ya zaci yabo ne ke tafe.

“Dakta, sannu da ƙoƙari. Ɗigo mai lamba goma sha huɗu, me ya faru a wurin?”

Ya waiga ya kalli bango. “Ƙwace aka yi, kamar sauran.”

“Yaushe? Wa aka yi wa?”

“Malama, bayanan suna ofis. Za mu tattauna a sashe.”

“To a wane ɓangaren gadar yake, na tasha ko na asibiti? Tunda ka tsaya a rana.”

Ƙarar fanka kaɗai ake ji. Ya hau jujjuya takardun da ke gabansa.

Daga can baya kujera ta yi ƙara. Baba ya miƙe.

“Ni ne goma sha huɗu,” ya ce. “Faci nake yi. Shekara ashirin da huɗu ina wurin, ba a taɓa ƙwace wa mutum abu a gabana aka tsira da shi ba. Ɓarawo uku na kama da hannun nan. Wannan bawan Allah ban taɓa ganinsa ba sai yau. Yarinyar can ce ta zo, ita ta zauna da mu, ita ta rubuta.”

Ɗaki ya kaure da hayaniya. Farfesa ta miƙe ta warware taswirar asali, ta ɗaga ta sama, ta karanta kwanan watan da ke kanta.

“Jan ɗigo mai sana'a ne,” ta ce. “Baƙin ɗigo shi ne ƙwace. Ku duba da idonku, baƙaƙen sun fi yawa inda aka kori jajayen. Wanda ya goge baƙaƙen nan juya binciken ya yi, ya sa ya faɗi kishiyar abin da aka gano.”

Kyamara ta juya kan Dakta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

“Auta,” ya ce, ya manta makirufo a kunne yake, “ni za ki yi wa haka? Ƙarshen wata fa manyana za su je gidanku!”

Ɗalibai suka kwashe da dariya.

“Ka ce su huta,” na ce, na zauna.

Ciyaman ya tashi ya fita, waya a kunne, bai yi wa kowa sallama ba. Ɗaya daga cikin 'yan jaridar, wata mai ɗaure da jan mayafi, ta matso ta karɓi lambata ta ba ni tata.

Za ku tambaye ni ko na ji daɗi. Na ji. Daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, har gida ina jinsa a bakina kamar na tsotsi alewa. Amma bai kai awa uku ba.

Bidiyon ya riga ni isa gida. Na tarar da Umma zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa, Gwaggo na tafa hannu tana salati.

“Kin kashe mu, Auta!” in ji Umma. “Wane namiji ne zai sake tako gidan nan? Da rigar da ya saya miki fa!”

Ina cire mayafi, wajen la'asar, aka yi sallama. Dakta ne. Babu kwat, rigar ciki duk ta yamutse. Umma ta zabura za ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

“Ba haƙuri na zo karɓa ba, Umma. Tambaya ɗaya na zo yi mata.” Ya kalle ni. “Tun yaushe kika sani?”

“Kwana goma sha biyu.”

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. “Kwana goma sha biyu da suka wuce Ciyaman bai sa hannu a umarnin rusa rumfunan ba. Da kin kai ƙara a ranar, da ya janye, ba ya son abu mai rigima. Ran Juma'ar nan ya sa hannu, kina zuba min lemo. Da ma wata guda zai ba su. Yau da kika tozarta shi a gaban kyamara, ya ce a gama yanzu, kafin lauyoyi su farka. Ni kin gama da ni, na yarda. Su fa?”

“Ƙarya kake yi.”

Wayata ta yi ƙara. Baba ne. A bayan muryarsa ina jin rugugin inji.

“'Yar boko, katafila biyu sun iso. Sun ce awa ɗaya, mu kwashe abin da za mu iya.”

Laifin Dakta nasa ne, ba zan ɗauke masa ko ƙwaya ɗaya ba. Amma kwanakin nan goma sha biyu nawa ne. Ni na zauna a kansu ina jiran ranar da zan ga guminsa, na manta da waɗanda fentin ke jikin rumfarsu.

Abba ya fito daga ɗakinsa da makullin mota a hannu.

“Ke, sa takalminki.” Ya juya ga Dakta. “Kai kuma ga ƙofa nan. Kada in dawo in same ka.”

“Abban yara, ka tsaya mana a…”

“Ya isa haka,” ya ce wa Umma. Ban taɓa jin ya katse ta ba sai ranar.

Muna cikin mota Abba ya dube ni.

“Abin da kika yi a taron nan, don kanki kika yi shi. Yanzu me kike da shi domin su?”

Ina da abu ɗaya. Babi na biyar, wanda ko Farfesa ban nuna wa ba, saboda tsoro. A ciki na jera duk filin gindin gada da aka kori mutane daga kai a shekara takwas, da wanda aka ba wa daga baya, da hoton takardun da na samo a ofishin filaye. Fili bakwai cikin tara, kamfanin ƙanin matar Ciyaman ne ya gina shaguna a kansu. Na faɗa wa Abba.

“In wannan ya fita, digirin naki zai iya tafiya,” ya ce. “Mutanen nan hannunsu na kai wa ko'ina.”

“Na sani, Abba.”

Ya ƙara wa motar wuta.

Na nemo lambar 'yar jaridar, na ɗora mata babin da takardun duka, na rubuta: “Ki zo gadar bakin tasha yanzu, da kyamara. Ki karanta wannan a hanya. Sunana za ki sa, ba na son a ɓoye.”

Muna shan kwanar tasha na hango hannun katafila a sama, rawaya, ya rataya a kan rufin rumfar farko. A ƙasa Baba na jan injin ba da iska shi kaɗai, wankakkiyar rigarsa ta koma baƙa. Na danna tura. Kafin Abba ya samu wurin tsayawa, alama ta nuna 'yar jaridar ta buɗe saƙon.

Motar ba ta gama tsayawa ba na buɗe ƙofa. Na ratsa 'yan kallo, na wuce ma'aikacin da ke daka min tsawa, na je na tsaya tsakanin katafilar da rumfar. Direban ya leƙo ta taga.

“Malama, matsa! Umarnin Ciyaman ne.”

“Kira shi,” na ce. “Ka ce masa mai taswirar ce. Ka ce masa na gama da Dakta, yanzu shi nake jira.”